Hannun da Ba Ya Fid da Mai

Duk lokacin da ƙamshin suyar gyaɗa ya shigo mini ta taga, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na Gafasa, ina zaune a gindin rumbu, hannuwana a kan cinya. Nan aka ajiye ni, kuma bari in gaya muku dalili.

Sana'ar matan gidanmu mai da ƙuli-ƙuli. Da an gama roron gyaɗa sai a soya ta, a murje, a sheƙe, a kai inji a niƙo. Daga nan a juye a turmi, ana zuba ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya taso. Yarinyar da ta iya wannan ta shiga sahun mata. Wadda ba ta iya ba, ita da wanke-wanke.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya Inna ta fara ba ni turmi. Na juya har kafaɗata ta ƙage, ko ɗigo bai fito ba. Mako ya zagayo na sake, haka dai. Matar baffana ta leƙa turmin ta ce, "Ai wannan hannunta ba ya fid da mai. Haka Allah ya yi ta." Inna ba ta musa ba, kuma shirun nan nata ya fi maganar yi mini ciwo. Tun daga ranar, da an ɗora ruwa sai a ce in matsa can. Ni ma na yarda. Har tafin hannuna nakan duba ina neman inda aibin yake.

Ana haka kakata, wadda ta haifi Baba, ta dawo daga Ajingi inda ta je zaman jegon gwaggona. Ita ce gwanar gidan, ana cewa ko yashi ta juya sai ya ba da mai. Ta gan ni a gindin rumbu, ta tambaya, aka gaya mata. Washegari da hantsi ta sa aka niƙo gyaɗar gonarta, ta kira matan gidan duka.

"Zo nan, sarauniyar zama," ta ce da ni. "Nuna mini yadda kika zuba ruwan."

Na nuna mata: ruwan da ya huce, cike da ƙwarya, a zubi ɗaya. Sai ta yi daidai yadda na yi, a kan gyaɗarta, a gaban kowa. Ta juya har gumi ya jiƙe mata ɗankwali, ƙullun ya caɓe. Ta jingine taɓarya.

"To, ga shi nawa hannun ma ya mutu. A matsa mini in zauna a gindin rumbu." Ba wadda ta yi dariya. "Ba wadda ta tsaya ta ga yadda yarinya take yi, amma duk kun san yadda Allah ya yi ta."

Wallahi har yau ban ga jarumta irin wannan ba. Tsohuwar nan ta ɓata gyaɗarta da sunanta don ta wanke ni. Bayan nan ta koya mini: ruwa yana tafasa, ludayi ɗaya, a juya, a jira. Ban iya a ranar ba, har da ranƙwashi na sha. Sai a gwaji na uku na ga mai yana ƙyalli a gefen turmi, na fashe da kuka.

Yanzu a Gaya nake aure, kuma inji ke matse mai, ba ruwansa da hannun kowa. Na ɗauka irin wannan magana ta wuce. Kwanan baya 'yata ta kawo takardar jarrabawa, ta faɗi lissafi karo na biyu. Ban san lokacin da na ce, "Ke dai ba ki da kan lissafi" ba. Ta gyaɗa kai kawai, ba ta ko yi gardama ba. Ni kuwa na san wannan yardar.

Na jawo tabarma na ce, "Ƙarya na yi. Ɗauko littafin, ki nuna mini yadda kika yi."