Na Ɗauki Bidiyon Tsohuwar Da Nake Jinya Tana Rawar Disko

Edita, lokacin da abin nan ya faru shekarata uku a Amurka. Ina zaune a Greenbelt, ina jinyar tsofaffi a gidajensu, ina kuma karatun nas. Ni 'yar Kudancin Kaduna ce, tun a gida an san ni da son ba da labari, magana ba ta kwana a cikina.

Kamfaninmu ya tura ni gidan wata tsohuwa Ba'amurkiya a Upper Marlboro. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, ba ta magana, ba ta tashi sai an ɗaga ta. 'Yarta ɗaya, takan leƙo bayan aiki, ta riƙe mata hannu, ta tafi idanu jajur. A shekarar ne wata shahararriyar mawaƙiya ta dawo da kiɗan disko a sabon kundinta, ko'ina shi ke tashi, har cikin cunkoson motoci a babban titin Beltway. Wata rana da hantsi ina wanke-wanke na kunna shi a waya, sai na ji motsi a falo. Tsohuwar ce tsaye, ta dafa kujera, tana juya kafaɗa, tana cilla yatsa sama tana dariya, rigar barcinta ta zame, gashi a barbaje.

Maimakon in kira 'yarta, sai na ɗauki bidiyo, na tura zauren hirar matan cocinmu na waya, na rubuta cewa kaka ta fi mu iya taku. Nan take wata babbar yayarmu ta coci da ke Beltsville ta kira ni, ta ce ƙanwata, goge shi yanzu, wannan ba naki ba ne. Na ce to Yaya, amma na ɗan jinkirta don in ga masu dariya. Kafin in goge, wata ta riga ta tura gaba.

Kwana biyar na kasa zama na kasa tsayuwa. A jirgin ƙasa ina duba waya, a aji ina duba waya. Wani da ban sani ba ya ɗora shi a intanet, ya haɗa da sautin ƙyaƙyata. Na bi mutane ina roƙo su sauke, wanda ya sauke ɗaya, goma sun ɗora.

Rana ta shida 'yar ta same ni a kicin. Ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce a gidan rawar disko a Washington iyayenta suka haɗu. Ta ce shekara biyu ba ta ga mahaifiyarta a tsaye ba, sai ga shi ta gani a wayar abokiyar aikinta, ana ta dariya. Ta tambaye ni me ya hana ni kiranta, alhali lambarta na manne a jikin firij.

An kore ni, an kai ƙarata hukumar da ke ba mu lasisi, karatuna ya tsaya cak. Na rubuta wa 'yar tsohuwar wasiƙar ban haƙuri, shiru. Daga baya na ji tsohuwar ta rasu, ban kuma san ko ta sake tashi ba.

'Yan'uwana masu shiga gidajen mutane aiki, duk abin da idonku ya gani a can amana ne, musamman na wanda ba zai iya cewa kar a ɗauke shi ba. Aiki na sami wani. Amma waccan rawar rabon 'yarta ce, ni kuwa na raba wa baƙi.