Yaya Sale da Injin Rake

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sale, shugaban ƙungiyar manoman rake ta ƙauyenmu da ke kusa da Gubuchi. Allah Ya gafarta masa, ni ma Ya yafe mini, domin har yau ina kishinsa.

A zamaninsa, in rigima ta taso, ba ya kiran taro sai ya bi masu zafin kai ɗaya bayan ɗaya har gona. Ya ba mutum goro, ya zauna a kan kunya, ya bar shi ya zazzage duk abin da ke cikinsa. Ranar taro sai ka ga kowa ya huce. Ni nake kai shi a babur, amma a lokacin gani nake ɓata mai ne kawai.

Yanzu ni ne shugaba, kuma taronmu ya koma guruf na waya. Bana aka yi saɓani kan inda za a kafa injin matse rakenmu, bakin fadama ko bakin titi. Da farko mutum biyu ne ke musu. Cikin kwana uku kowa ya zaɓi ɓangare, har waɗanda da ba ruwansu. Wanda ya ce a duba sai a kira shi munafuki. Aka fara cewa a sayar da injin, ƙungiya ta watse.

Abin da ya fi ci mini rai, kowane ɓangare cewa yake, “Da Sale na nan, da bayanmu zai bi.” Ni kuwa in na ɗauki saƙon murya sai na saurara sau huɗu, in goge, ina tsoron kada kalma ɗaya ta ɓata wa wani. Shi Yaya Sale bai taɓa shugabantar mutanen da ba ya ganin idonsu ba. Wani lokaci nakan ce sa'a ya yi, sai in yi istigfari.

Jiya na ajiye wayar, na hau babur zuwa gonar Malam Tanimu, jagoran 'yan fadama. Ya yi ta faɗa har ya gaji. Sannan ya yarda a zauna ranar Juma'a, ido da ido, kafin a taɓa injin.

Da na tashi tafiya ya ce, “Garba, yayanka dai bai taɓa zuwar mini babu goro ba.”

Na cije leɓe. Gobe gonar jagoran 'yan titi za ni, kuma na riga na sayi goron.