Mudun Sule Biyu

A shekarar da fari ya cinye amfanin gona, ni da yayana muna awon hatsi a kasuwar Birnin Kudu. Ba a daɗe da sauya kuɗi ba, ana ta labarin arzikin mai a rediyo, amma mutanen ƙauye abin da suke iya kuncewa daga bakin zane bai wuce sule biyu ba.

Gero ya kai sule huɗu mudu. Akwai kuma wata tsohuwar dawa da muke sarowa daga Gwaram, duk ƙwari sun huda ta, sule ɗaya. Yayana ya zauna ya yi ta zane a ƙasa da tsinke, ya ce in muka zuba mudu ɗaya na gero a kan biyu na dawar, kuɗin ukun sule shida ne, kowane mudu ya tashi sule biyu. A gaban masu saye muke gaurayawa, ba mu ɓoye wa kowa ba.

Akwai wani dattijo daga Kiyako da shanunsa suka ƙare a farin. Duk ranar kasuwa yakan zo da ƙafa, ya tsuguna yana kallon hannuna. Bai taɓa neman ragi ba.

Da bazara ta yi nisa gero ya koma sule shida, dawar ma ta ƙare. Dusa muka koma saye, irin wadda dā ake ba awaki. Lissafi ya koma mudu ɗaya na gero, huɗu na dusa. Na ce wa yayana wannan ya daina zama abinci. Ya ce in na san hanyar da sule biyunsu za su ƙaru, in faɗa masa.

Ranar da dattijon ya ga sabon haɗin, ya damƙa ya shinshina.

"Malam, auna mini," ya ce. "Yara ba sa tambayar abin da ke ciki."

Bayan kasuwa biyu matarsa ce ta zo. Ta ce ciwon ciki ya kwantar da shi, ƙaramar jikarsu kuma sun binne ta ranar Laraba. Na yi mata gaisuwa, na auna, na ƙara mata tafi guda na gero zalla. Yayana ya gani, ya kau da kai.

Da ruwa ya sauka na bar awo na koma gona. Yayana kuwa ya ci gaba da awo har ƙarshen rayuwarsa.