Tarwaɗar da Ilu ya zubar

Wata Juma'a da hantsi, a daminar da aka fara Shari'a a jiharmu, Baba ya ɗora mini bokiti a ka muka nufi sabuwar madatsar ruwan da aka gina a rafin ƙauyenmu, can wajen Zango. A gindin bangon muka tarar da tarwaɗa sun yi cincirindo, ciki fal da ƙwai, suna tsalle suna buga kai da siminti suna faɗowa. Baba masunci ne, amma ranar bai zo kamu ba. Ya riƙa kwasar su a bokiti yana hawa da su yana saki a bayan bango, don su samu su kai inda suke nufi.

Kafin a tare rafin, da ruwa ya sauka kifi kan hau har fadamarmu ya zuba ƙwai a cikin ciyawa. In mun taso daga makarantar allo, mun kai wa awaki harawa, sai mu faɗa ruwan da ɗankwalinmu muna tace 'ya'yan kifi ƙanana kamar tsinke. Inna kan tsaya a bakin gona tana faɗa: "Ku mayar da su, abincinku ne na baɗi!"

Ilu mai gadin madatsar, wanda Baba ya koya wa jefa birgi, ragar kamun kifi, shi ke kwashe kifin da gidan sauro yana kaiwa kasuwar Mai'adua. A ranar Juma'ar nan, a sawunmu na uku ya tare mu, ya sa ƙafa ya ture bokitin, kifin suka yi ta birgima a kan yashi. "Rafin ubanka ne?" ya ce wa Baba, a gabana. Baba ya ce, "Allah ya isa, Ilu," ya kama hannuna muka juya.

Ni kam ban bar wa Allah kaɗai ba. Na zuba masa ƙarangiya a tabarma, na sace iskar kekensa, na hana ƙawayena gaishe shi. Duk bai sanyaya mini zuciya ba, domin ba a jima ba fadama ta daina ba da kifi. Baba ya sayar da komarsa ta kamun kifi ya koma dako a bakin iyaka, can ciwon ƙirji ya kama shi, bai tashi ba.

Yanzu fadamar ta zama filin ƙwallo, 'ya'yana kuwa kifin kwali suka sani. Ilu ya tsufa, ya makance, yana zama a ƙofar masallaci, in na zo gida nakan wuce shi ko gaisuwa babu. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, amma har yau ban zo kansa ba.