Sai Ashafa Ya Tsallake Shinge da Kansa

Ashafa bakanike ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba, wannan kowa a Jakara ya sani. Ɗan maƙera ne da ya ajiye guduma ya ɗauki sifana tun zamanin kafireta. Da motoci masu injekta suka shigo, tsararrakinsa suka yi ta tsine musu, shi kuwa ya zauna ya koye su. Gajere ne, ga faɗan tsiya, ka gaishe shi sau biyu ya ce ka cika surutu. Amma a shekarar da bama-bamai suka tashi a Kano wurinsa na nufa, domin ran tsohuwata yana hannun motata.

Hajo, mahaifiyata, wankin ƙoda ake yi mata a wani asibiti a wajen ganuwa, kuma babu hanyar da za ka bi ba ka tarar da shingen sojoji ba. Motar kuwa ta tsiro da iskanci: da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi karkarwa ta mutu. Silo ne ya ƙi zama, wato ɗan numfashin da inji ke yi idan mota na tsaye. A da sai a yi dariya a tura. A shekarar nan kuwa, motar da ta mace a bakin shinge bam kowa yake gani. Ranar da ta yi mini haka na ga bakin bindiga a gilashina, mutanen motocin baya suna buɗe ƙofa suna gudu, Hajo tana salati. Wallahi na tsorata.

Wani gwani a unguwarmu ya ɗaure mini wayar totur don kada ta sake mutuwa. Sai ta koma ruri kamar injin markaɗe, kana sakin kuloci ta zabura.

Tun kafin in tsaya a garejinsa Ashafa ya taso. "Malam Jibril, wane maƙiyin naka ne ya yi maka wannan? Ka tunkari soja da wannan ihun, ai cewa zai yi kutsawa za ka yi!"

Ya sassauta wayar, ya zaro fulogi ya kai mini har hanci. Fari fat kamar toka.

"Da mai ne ya yi yawa, baƙi za ka gani, salansa na hayaƙi. Wannan yunwa take ji. Iska ta rinjayi mai."

Na ce mutane sun ce a mai da ita kafireta a huta.

"To kai wa mutanen mana!"

Ya tayar da ita, ya tsoma gashin kaza a fetur yana shafa wa tiyo ɗaya bayan ɗaya, kunnensa a kan injin. Da ya kai wani na can ƙasa, sai injin ya ɗaga murya. Tsagewa ce ƙarama, ta nan take zuƙar iskar da ƙwaƙwalwar motar ba ta san da ita ba. Ya canja tiyon, ya wanke bakin totur, ya bar ta ta yi zafi. Ya kunna fitilu, ya murɗa sitiyari, silo ya ɗan sunkuya ya miƙe.

Na miƙa hannu zan karɓi makulli, ya buge shi.

"Zaga can ka zauna."

Ashe tun da rikicin ya fara bai taɓa sallamar motar da ya gyara wa silo ba, sai ya shiga layin shinge da ita da kansa.

Layin ya yi tsawo, rana ta take. Muna matsawa, muna tsayawa. Sojan da ke gaba matashi ne, idonsa jajir, shi ma da ganinsa a tsorace yake. Saura mota ɗaya a gabanmu fankar inji ta tashi. Allurar da ke nuna bugun inji ta faɗo, motar ta yi karkarwa.

"Taka totur, Ashafa! Don Allah taka!"

"In na taka me muka gwada?"

Ya janye ƙafarsa gaba ɗaya, ya ɗora hannayensa biyu a sitiyari inda sojan zai gani. Allurar ta ƙara yin ƙasa. Sojan ya gyara riƙon bindiga ya taho. Ni dai na fara kalmar shahada. Sai injin ya ja numfashi, ya daidaita, ya ci gaba da bugawa a hankali. Aka duba but, aka ce mu wuce.

Da muka yi nisa ya gangara gefe ya tsaya. Rigarsa sharkaf da gumi.

Na ce, "Au, ashe kai ma kana jin tsoro?"

"Tsoro? Tun daga gareji cikina ya ɗuri ruwa. Amma in aikina ne zai ja wa mutum harsashi, gara ya tarar da ni a kujerar direba." Ya fita ya rufe ƙofa. "Kuma ka daina yi wa mutane ihu a kunne."

Washegari na ɗauki Hajo. Muka shiga layi, ƙafata a ƙasa, motar tana numfashinta. Sai a ƙofar asibiti na waiwaya na tashe ta daga barci. Ta gyara mayafi ta duba waje.

"Jibril, yau babu sojojin ne?"