Abin da Shamuwa Ta Gani

A Malikanchi, da an idar da sallar magariba, mu jikoki sai mu kewaye murhun Iya, kakarmu, tana tura dankali cikin toka. Ni ne mai yawan katse ta, shi ya sa take kirana maigidanta mai gardama.

Wata bazara, ranar da muka ga shamuwar farko a kan tsamiya, ta ce, "Ga ta nan tafe." Muka ce ta iso mu ji.

Wai mutanen wani gari suka tare Shamuwa, suka ce tunda daga kudu take, ta faɗa musu ranar da damina za ta sauka. Ta ce, "Na baro hadari a bayana, baƙi ƙirin, faɗinsa ya fi ƙasarku. Amma ranar isowarsa ban sani ba." Suka yi tsaki. Hankaka ya daka tsalle ya ce Juma'a. Ranar Juma'a kuwa aka yi yayyafi, kowa ya juye irinsa a gona, rana ta dawo ta ƙone shi. Tsohuwa ɗaya ce kawai tun kafin shuka ta koma ta tambayi Shamuwa dabara, Shamuwa ta ce mata, "Shuka rabi, ki rufe rabi a tulu." A tulun nan gari ya samu iri.

Na ce, "Iya, ai Shamuwar ba ta san komai ba."

Ta ce, "Maigida, ta san inda saninta ya tsaya. Karɓi dankalinka."

Yanzu a ofishin hasashen yanayi nake aiki. Ranar da na fara ganin hoton tauraron ɗan'adam, hadari ya taso daga teku ya lulluɓe ƙasashe, sai na tuna da tatsuniyar Iya. Abin da Shamuwa ta baro a baya ke nan, kuma tsohuwar da ba ta taɓa wuce Zariya ba ta riga ta nuna mini shi.

Bara muka yi gardama a ofis. Wani ya ce damina ta rikice, mu ba manoma rana tsayayya, in ba haka ba ba za su saurare mu ba. Shugabarmu ta ce gwamnati ta tanadi iri mai saurin nuna, mu kuma mu faɗi iya abin da muka gani. Ana cikin haka Kawu Sale, ɗan Iya, ya kira ni. Irin masararsa ɗan kaɗan ne, kuma an yi ruwa daren da ya gabata.

"Kai da kake kallon sama a na'ura, in shuka?"

Bakina ya so ya ce Juma'a. Na ce, "Kawu, ruwa na tafe, amma akwai alamar zai ɗauke. Ranar kam ban sani ba."

 Ya ce, "To. Rabi zan shuka, tulun Iya yana nan."