Ƙwaron da Na Haɗiye Cikin Shinge

Shinge, garar nan mai fukafukai da ke fitowa farkon damina, ba shi da tauri. In an soya shi da gishiri, narkewa yake a baki kamar kitse. Saboda haka da na ji wani abu ya yi ƙaras tsakanin haƙorana, na san ba shi ba ne. Na tofar a tafin hannu. Kan wani ƙwaro ne, jaja-jaja, da muƙamuƙai biyu lanƙwasassu kamar lauje. Sauran jikin na riga na haɗiye.

Cikina wata biyar a lokacin, na farko kuma ya zube bara. Mijina yana Bagega wajen haƙar zinariya, ni ina gidansu tare da Inna, mahaifiyarsa. Ranar da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, shinge ya fito bayan magariba, muka ajiye kwanon ruwa ƙarƙashin fitilar sola kamar yadda kowa ke yi. Duk abin da ya faɗa ciki muka kwashe. A garinmu sheƙe fukafukai ake yi, ba a tsincewa. Da safe na soya. Bayan na tofar da kan nan na duba kaskon, sai ga wasu biyu irinsa, dogaye, masu gashi, kowanne ya kusa ɗan yatsana tsawo.

Na nuna wa Inna. Kafin ta buɗe baki, gwaggon mijina da ta shigo aron turmi ta leƙo daga bakin madafa.

"Namijin cinnaka ne wanga. Dafinshi shina zubar da ciki. Ɗiyar nan, mi ya kai ki?"

Ba ta taɓa shi ba. Ba ta ma sunkuya ba. Har yau in na tuna daga nisan da ta yanke hukuncin nan, ƙirjina zafi yake. Kafin hantsi tsakar gida ta cika da mata, kowace da labarin wata da aka ce ta ci irinsa ta yi ɓari. Na tambayi sunan ko mutum ɗaya, ba wadda ta iya faɗa. Suka ɗura mini manja in yi amai. Na yi har cikina ya ƙulle, sai gwaggo ta ce, "Kun gani, ya fara."

Ni kaina na ji haushin kaina. Shekara shida na yi a sakandare, na zana ƙwaro a littafi, na rubuta sunan kowace gaɓa, amma ranar nan ban san komai ba.

Na sa ƙwarin biyu a kwalin ashana, na ce asibitin Anka za ni. Inna ta ce hanyar ba lafiya, makon nan ma an tare mutane. Na ce ta zaɓa, ko ta raka ni ko in tafi ni kaɗai. Ta ɗauki hijabinta. Mu biyu a bayan mai babur, ko wace ƙurya ta daji muka shiga sai in riƙe numfashi, ko wane rami muka faɗa sai in dafe mara ina jiran jini.

A asibiti ungozoma ta saurari cikin, ta ce zuciyar yaro na bugawa daidai. Na buɗe mata kwalin. Ta ja baya, ta ce, "Ni ƙwari ban karance su ba. Ki je gida, in kin ga jini ki dawo." In dawo ta wannan hanyar. Ban ga laifinta ba, amma maganar ba ta kwance mini komai ba.

Sai na tuna malaminmu na ilimin noma, dattijo, wanda ya yi ritaya yake zaune a garin. Muka same shi a zaure yana gyaran rediyo. Ya gane ni.

"Mai zama layin gaba. Mi ya faru kika rame haka?"

Na faɗa masa. Ya juye kwalin a kan farar takarda, ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman abu, ya miƙo mini.

"Ke za ki duba, ba ni ba. Shinge yana da ƙugu?"

Na ce babu.

"Wanga fa?"

Akwai, a tsuke.

"To dangin tururuwa ne, gwaggo ta ci maki ɗaya. Saura tara ta faɗi." Ya ce namijin cinnaka ɗan siriri ne, baƙi, muƙamuƙinsa da ƙyar ake gani. Wannan mai gashi, mai manyan idanu da lauje a baki, namijin kwarkwasa ne, haske ke jawo shi. Kwarkwasar ma iri-iri ce, in ji shi, kuma masu bincike da fasalin muƙamuƙin namiji da ƙarshen jikinsa suke rarrabe su, don ma'aikatansu na cikin rami sun yi kama da juna ƙwarai. Ya matsa bayan ƙwaron da tsinke. "Nemo mini ƙari a nan."

Na duba, na sake dubawa. Babu abin harbi.

"Ba ki samu. Ƙari da dafi na mata ne. Namijinsu, na cinnaka ko na kwarkwasa, girman banza gare shi, kamar wasu da na sani."

Inna ta rufe baki da hijabi. Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Malam, ka tabbata? Na rasa ɗaya."

Ya daina wasa. Ya dube ni, ya ɗauki na biyun, ya yi bisimilla, ya jefa a baki, ya tauna a gabanmu har ya haɗiye.

"Gishiri ya yi yawa," in ji shi. "Ban da wannan ba abin da zai same ki, ke da abin da ke cikinki. Ku ci abinci, ku tahi da rana."

Ana kiran sallar azahar a masallacin unguwarsu. Sai lokacin na sauke hannuna daga mara, na ga farcena ya bar shaida a zanen da na ɗaura.